Barkar Giwaye

Tun da aka raba wa mutanen ƙauyen na'urar kunne mai jiyo muryar giwa, aka hana tayar da inji tsakanin azahar da la'asar. Inna Tabawa ba ta taɓa sa tata ba. Yau da azahar ga wakenta ya jiƙu, 'yarta ta haihu, baƙi na hanya.

"Ɗanjuma, markaɗa mini kafin ya yi tsami," ta ce wa mai injin. "Ina ruwan giwa da ƙosaina?"

Ya miƙa mata na'urar kunnensa. "Inna, saurara tukuna."

Ta maƙala tana tsaki. Sai ta ji wani gurnani mai kauri ya ratsa ta har ƙirji. Can bayan duwatsu wata giwa ta amsa, sannan wata.

"Garken kudu ne suka haihu," in ji shi. "Barka ake yi musu."

"Ikon Allah! Na arewa fa?"

"Tun bara ake kiransu, ba su amsa ba."

Tabawa ta ɗora bokitinta a ka, ta nufi dutsen niƙanta na gida, tana taka ƙasa a hankali kamar mai shiga ɗakin mai jego.