Abin da Fada Anselme Ya Binne

Na'urar gano ƙarfen ta fara kuka ne a gindin bangon coci na arewa, daidai inda ruwan rufi yake zuba. Delpech, mutumin Toulouse da ya zo da ita, ya matsa taku ɗaya, ta sake kuka. Ya sake matsawa, ta sake. Sau tara, a jere, kamar an auna da igiya.

Kafin a ci abincin rana duk ƙauyen Caudrac ya ji.

A ƙauyenmu ba wanda bai san labarin Fada Anselme, limamin cocinmu na da, ba. Ya zo da taguwa ɗaya da takalmi mai faci, ya mutu ya bar coci da sabon rufi. A shekarun yaƙin duniya na farko, lokacin da maza suke bakin daga, an sha hango shi da sassafe yana haƙa, da wani abu a naɗe a hammatarsa. Shekara arba'in ke nan da rasuwarsa, amma duk bazara sai baƙi sun zo da diga da taswira. Sun fasa kogon dutse, sun yashe tsohuwar rijiya. Gindin bangon nan ne kawai ba wanda ya taɓa tunawa da shi.

Maza sun yarda akwai zinariya. Tsofaffin mata kuwa ko ɗaya ba ta yarda ba, kuma wadda ta fi su zafi ita ce Iya Léontine, mahaifiyar Firmin magajin gari.

"Gwaggonsa ce ta mutu a Narbonne ta bar masa gonar inabi," haka take cewa kullum. "Ita ce zinariyar. Ku je ku yi wa inabinku kaftu, malalata."

Ran nan da ta ji inda na'urar ta yi kuka, cokalin miya ya suɓuce mata. Ta tafi ofishin ɗanta ko mayafi ba ta ɗauka ba.

"Firmin, ba za a haƙa wurin nan ba."

"Haba Inna. Ke da kika ce ba komai a ciki, me zai dame ki? In babu, mu yi dariya mu rufe."

"Na ce ba za a haƙa ba."

"Makaranta an rufe, mai burodi ya koma Limoux. In baƙi suka daina zuwa, da wa za mu zauna, awaki?"

Ya riga ya sa hannu a takardar izinin haƙa. Ranar Asabar, ƙarfe tara.

Kwana ukun da suka rage ta bi gidajen sa'o'inta. Huɗu suka saura da rai. Ɗaya ba ta gane mutane, ɗaya tana asibiti. Sauran biyun suka saurare ta, suka share hawaye, suka ce ƙafafunsu ba za su kai su can ba.

A shagon shan kofi kuwa har an gama mata lissafi. Ai ita ce take kai wa Fada madara tana amarya. Ai ta san wurin tun tuni. "Tsohuwa mai wayo," in ji wanzamin gari, "shekara hamsin tana gadin tukunya, tana ce mana babu nama."

Asabar ta zo da hadari. Ta riga kowa isa, cikin baƙar rigarta ta zuwa coci, ta tsaya a kan ta uku cikin alamomin alli da aka yi a wuraren da na'urar ta yi kuka. Delpech ya dubi Firmin. Firmin ya kama hannun uwarsa ya janye ta a hankali, kunya ta cika masa fuska. Ba ta yi gardama ba.

"To ku fara da wannan," ta ce. "Sauran ba ni da ikon ba da su."

Wanzami ya ƙyafta wa na kusa da shi ido.

Ramin bai kai gwiwa ba shebur ya bugi ƙarfe. Ƙaramin akwatin kwano ne, tsawon kamu ɗaya, ya yi tsatsa, an liƙe bakinsa da kakin kyandir. Delpech ya ɗago shi yana murmushi, sai murmushin ya ragu. Ba nauyi. Ya kai shi kunne zai girgiza.

"Kada ka girgiza shi!"

Muryarta ta sa tantabarun hasumiya suka tashi. Yayyafi ya fara sauka, ruwan rufin ya soma ɗiga cikin ramin ɗis, ɗis. Ba wanda ya motsa.

Firmin ya karɓi akwatin ya zaro wuƙarsa. "Inna, mene ne a ciki?"

Ta nuna ruwan da yake ɗiga cikin ramin.

"Jaririn da ya mutu ba a yi masa baftisma ba, doka ta hana shi maƙabarta," ta ce. "Bayan shinge ake jefa shi, wajen karnuka. Fada ya ce shi ba zai iya ba. Ya ce a nan, duk ruwan da ya taɓa rufin ɗakin Allah a kan jariran zai sauka, ya zama musu baftisma. Muka rantse ba za mu faɗa ba, don kada a kori Fada. Ko ubanka da ya dawo daga yaƙi ban gaya masa ba."

Mazan suka fara cire huluna ɗaya bayan ɗaya, kowa yana duban sauran alamomin alli takwas, yana tuna uwarsa.

Léontine ta ɗora tafinta a kan murfin, ta ɗora hannun Firmin a kan nata.

"Mayar da wuƙarka, ɗana, ka riƙe shi da kyau. Yayanka ne, tagwaye na haife ku, da rabin sa'a ya riga ka fitowa."