Kabarin da ke Kusa da Don Evaristo

Don Evaristo ya shiga gidan shayi da wasiyyarsa a aljihu. Kabari biyu ya saya a jere cikin bangon maƙabartar birnin Arequipa, inda ake saka gawa a gurbi. Na biyun ya rubuta wa ƙawarsa ta zauren masu tattalin kuɗi a intanet, wadda ya sani da laƙabin Tururuwa kawai, don kada matarsa Clotilde ta bi shi da mita har lahira. Yau zai fara ganin ƙawar ido da ido.

A teburin alkawari, Clotilde ce zaune.

"Zauna, tsoho," ta ce. "Tururuwa ta gode. Amma ni ƙona gawata za a yi, ya fi araha. Ƙasusuwan mahaifiyata zan mayar kusa da kai. Dama ba ta gama yi maka faɗa ba."