Hammatar Jatau

Nomau ya kai katin wansa Jatau shagon Ladidi da hantsi. Katin ya sha wanki a aljihun riga, ga shi jibi ne wasan mahauta, wanda ba a taɓa buɗe shi ba sai da kiɗan Jatau.

Tun da aka hana ɗaura fata a ganga, na'ura ke kiɗa a garin. Ba sauti ne a katin ba. Lambobi ne kawai, na yadda marigayi Jatau ke matse igiyoyin kalangu da hammata yana sakinsu. Kuma babu wani kwafi.

"Baba, har sabulu ka ba shi ya sha?" in ji Ladidi.

"Saka shi, yarinya. Ban zo hira ba."

Ta saka. Na'urar ta ɗan jinkirta. Can sai kalangu ya tashi, ya kira Sarkin Fawa da irin jan nan da Jatau kaɗai ke yi. Nomau ya zauna a benci, ya cire hula ya share goshi.

Dab da ƙarshe sautin ya yi rawa, ya sassauta.

Ladidi ta nuna allo. "Nan layin ya karkace. Na'urar ta ce hannun mara lafiya ne, tana tambaya ko ta miƙe shi."

Nomau ya dubi layin. A lokacin da aka ɗauki kiɗan, ko Jatau bai san yana ciwo ba.

Ya mayar da hularsa.

"A'a. Haka ya kaɗa shi. Ba mai taɓa shi."