Jan Ƙyalle a Hagun Baba

Bayan Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, hagu ta ɓace masa. Idonsa lafiya lau, amma duk abin da ke wannan gefen babu shi a duniyarsa. Likitar gashin ƙashi ta ce mu riƙa zuwa masa ta hagu har ya koyi waiwayowa.

Wata la'asar a tsakar gidanmu na Dutse Uku, Mama ta ɗaura mini jan ƙyalle a hannu don ya ja hankalinsa, ta zaunar da ni a hagunsa, ta ajiye masa tuwon acha. Ya cinye rabin dama tas, ya bar sauran kamar an yanka da wuƙa.

"Baba, Ladi ce, ga ni nan," na ce, ina kaɗa ƙyallen.

Ya juya dama, inda babu kowa sai sandarsa. Ya tambayi Mama, "Ladi ma ta daina zuwa wurina?"

Na yunƙura zan zagaya, Mama ta danne kafaɗata, idonta cike da hawaye. "Zauna. Shi zai nemo ki."

Na zauna har tuwon ya sandare. Bai nemo ni ba. Yau ga ni da 'ya'yana, amma ba na iya zama a hagun kowa.