Mara Lafiyar Haya

"Me ke damun ki, Yaya?" in ji ɗalibar, ta ɗan rusuna yadda aka koya musu.

Aikina ke nan a wata makarantar likitoci a nan birnin Busan: in kwanta in yi ciwon ƙarya, ɗalibai su gano cutar. Wannan jarrabawar ce damar ɗalibar ta ƙarshe, in ta faɗi sai kora. Farfesa na gefe da shayin sha'ir, yana gyara tabarau kamar shi ya ƙirƙiro tausayi.

Na zuba mata abin da aka sa na haddace. Ba na barci. Shinkafa kamar takarda a bakina. In mamata ta kira, sai in zuba wa wayar ido har ta katse. Ba baƙin ciki, ba murna, ba komai.

Tana ta gyaɗa kai, idonta kamar na kifin kasuwa.

"To, Likita," in ji Farfesa, "wace cuta ce?"

Ta daɗe tana kallona, tsakani da Allah jira take.

"Yi haƙuri, Yaya, duk na ji wannan, ai haka kowa yake," ta ce. "Yaushe za ki fara faɗin ciwon?"