Kifi a Gindin Jaka

"Sai haƙuri, Madam. Beyar ce ta kashe shi, ƙatuwar dabbar nan mai cin nama," in ji mai gadin dajin.

Lorna ta zube a jikin motarsu tana kuka. Kwana goma sha biyu suna tafe ita da mijinta Dwight, daga wannan garin bakin teku zuwa wancan, har Alaska. Da safen nan shi ya shirya musu jakunkunan goyo, iri ɗaya sak. Ya ce ta ratsa ta kurmi, shi zai bi gaɓa, su haɗu a mota.

Ita kuwa ta san bayansa na ciwo. Da ta ji jakarta ta ɗan fi tasa sauƙi, sai ta faki idonsa ta musanya. Ya saɓa ya tafi, bai lura ba.

"Abu ɗaya ya ɗaure mana kai," in ji mai gadin. "Ko yaro a nan ya san ƙarni ke jawo beyar. Amma mun tarar da ɗanyen kifi an ɗinke a gindin jakarsa."

Kukan Lorna ya tsaya cak.

"Ba jakarsa ba ce," ta ce.