Babban Yatsan Mai Basilla

Ranar da wuƙar yankan fata ta zame ta shige gindin babban yatsansa na hagu, Mai Basilla bai ko tashi daga wurin aikinsa ba. Ya naɗe wurin da tsumma zai ci gaba da aiki, sai ya ga yatsan ya ƙi lanƙwasuwa.

Gyaran takalma yake yi a wata rumfa da ke kwanar titi, kuma tun yana saurayi aka laƙaba masa sunan basillar da ba ta barin hannunsa. Gwani ne, ba musu. Amma wajen taurin kai ma ba a barinsa a baya. Matarsa ce ta tasa shi gaba har asibiti, yana tafe yana mita.

Can aka ce jijiyar da ke lanƙwasa yatsan ce ta tsinke. Aka ɗinke ciki, aka ɗinke waje, aka tallafe hannun da wata roba mai tauri, aka naɗe da bandeji.

Ranar cire zare, sai ga mutumin naku ya ɗaga hannu yana duba ɗinkin kamar an kawo masa takalmi. Ya ce aikin ba laifi, amma da shi ne da ya ƙara matsewa. Likitar da ta yi ɗinkin, wadda ba za ta wuce sa'ar 'yarsa ta fari ba, ta yi dariya, sannan ta gyara zama.

Ta ce, "Baba, fata ce ta haɗe, jijiyar da saura. Ni baki da baki kawai na haɗa. Jikinka ne zai saƙa nasa zaren a wurin, wanda muke kira kolajin. Da shi aka yi jijiya da fata."

Ta yi masa bayani dalla-dalla. Sabon zaren da jiki ya fara zubawa mai laushi ne, a cukurkuɗe kamar audugar da ba a kaɗa ba. Sai an ɗauki makonni, har watanni, kafin ya miƙe ya jeru gefe da gefe, ya yi ƙarfin da zai jure ja. Ta nuna masa ɗan motsin da zai riƙa yi a hankali don zaren ya san hanyar da zai bi. Amma ja da ƙarfi, ko damƙar abu mai tauri, ta ce kada ya kuskura.

Ya ce to. Suna fita ƙofa ya ce wa matarsa, "Ni za a koya wa ɗinki? Ni da na ƙulla zaren ƙarshe, mai takalmi sawa yake ya tafi."

Ta ce, "Baban yara, takalmi ba ya jini."

Ya yi gaba abinsa.

Abin da ke cin ransa ba ciwon ba ne. Wani sabon mai gyara ne da ya kafa tebur a tsallaken titi, wanda Mai Basilla ke kira Mai Gam, wai shi ba ya ɗinki sai liƙi. Kullum yana zaune a rumfa da hannu a rataye, yana kallon mutanensa na tsallakawa da takalma a leda. Abokan zama kuwa ba su rage masa komai ba. Wannan ya ce ya zama mai gadin rumfa, wancan ya tambaya ko a sayo masa katifa.

Wata safiya wani magini ya zo da takalmin aiki mai kaurin ƙasa, ya ce ba wanda zai iya huda wannan sai shi. Maganar ta yi masa daɗi har cikin rai. Ya kwance bandeji, ya jefa robar ƙarƙashin benci, ya juya hannun a gaban jama'a. Tabo ya bushe sarai, ba kumburi, ba zafi. Ya ce duk wanda ya ga ciwo a nan ya nuna.

Huda ta farko ta tafi lafiya. Ya naɗa zare a hannu, ya danne da babban yatsa, ya ja kamar yadda ya saba. Sai ya ji wani abu ya ce tas a cikin tafinsa. Zaren takalmin yana nan daram, yatsan ne ya miƙe ya tsaya.

Da ya koma asibiti a ranar, da wataƙila an ceto wani abu. Kunya ta hana shi. Ya mayar da robar, ya naɗe, ya ce wa matarsa yana bin dokar likita. Sai da ta ga kofin shayi ya suɓuce masa ta gane, ta zauna ta yi kuka mai isarta.

Lokacin da suka je, bakin jijiyar ya ja baya ya tsuke, gefensa duk ya zazzage. An sake aiki, an yi iya ƙoƙari, amma yatsan bai ƙara damƙar komai ba.

Har yau yana buɗe rumfar, don ya ce ba wanda zai kore shi daga kwanar nan. Goge takalma yake yi da sayar da igiyoyinsu. Duk wanda ya gani da bandeji sai ya tsayar da shi, ya miƙa masa yatsan a fuska, ya ce ya kalla da kyau.

Kwanan baya takalminsa ya ɓalle a hanya. Ya daɗe tsaye da shi a hannu. Sannan ya tsallaka titi, ya ajiye shi a teburin Mai Gam, ya ce, "A ɗinka, ba liƙi ba."

Jama'a, cire zare ba shi ne warkewa ba. Fata kan rufe da wuri, amma na ciki sai ya ɗauki lokacinsa kafin ya yi ƙarfi. Ku bi wa'adin da likita ya ba ku, ku toshe kunne daga masu zolaya, in kuma wani abu ya faru ku koma asibiti a ranar.